KIMIYYA DA ZAMANI: Maigadin Da Ke Kwana Cikin Kwamfuta

Ran Litinin, 4 ga watan Oktoba, 2021, wajen ƙarfe biyar saura minti ashirin na yamma agogon Nijeriya, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif a duniya baki ɗaya. Mai karatu zai iya tuna wannan yammaci. Mutane da yawa sun zaci kuɗin datarsu ne ya ƙare, wasu suka yi ta kashe waya suna kunnawa, wasu kuwa suka dinga tsine wa kamfanin layinsu alhali ba shi da laifin kome. 'Yan kasuwar da suka saba aika wa abokan ciniki hotunan atamfa da takalma ta WhatsApp suka yi jugum. Shi kuwa kamfanin, da ya rasa bakin magana a gidansa, sai ya ari na maƙwabci, ya je Twitter ya ba da haƙuri. To, a lokacin nan Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a ƙasar nan tun watan Yuni na shekarar, saboda haka ban haƙurin ma bai iso ga yawancin 'yan Nijeriya ba sai a bakin wasu.

Al'amarin bai daidaita ba sai da dare ya yi nisa, bayan an shafe awa shida ko fiye. Ga kamfanin da mutum fiye da miliyan dubu uku ke amfani da kayansa, wannan ba ƙaramin lokaci ba ne. Shugaban kamfanin Telegram ma ya yi shelar cewa a wannan rana kaɗai sababbin mutane miliyan 70 suka shigo nasa dandalin. Lalacewar kanta ba abin mamaki ba ce, gama duk abin da ɗan Adam ya ƙera yana da ranar da zai ƙi. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi kamfanin da ya tara ƙwararrun injiniyoyi irin waɗannan ya kasa warware kuskuren minti ɗaya sai bayan awa shida?

Kashegari wani babban jami'in kamfanin mai kula da injuna da hanyoyin sadarwa, Santosh Janardhan, ya fito da bayani. Ana cikin aikin gyara na yau da kullum ne aka ba da wani umurni da nufin a auna ƙarfin manyan wayoyin da suka haɗa rumbunan bayanan kamfanin, sai umurnin ya katse su duka. Akwai wata manhaja da aka ajiye musamman domin ta tace irin wannan umurni ta hana shi wucewa, amma ashe ita ma tana da nata aibin, ta bar shi ya wuce. Da na'urorin da ke sanar da duniya inda Facebook yake suka daina jin ɗuriyar rumbunan, sai suka janye adireshin, kamar yadda aka tsara musu tun farko. Nan take Facebook ya ɓace daga intanet kamar ba a taɓa yinsa ba, alhali injunansa suna nan lafiya lau suna ta shan wuta.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ya biyo baya. Injiniyoyin sun nemi shiga injunan daga inda suke zaune kamar yadda suka saba, suka tarar babbar hanya a toshe. Suka juya ga hanya ta biyu, wadda aka tanada domin irin wannan rana, ita ma suka tarar ta mutu. Babu yadda za a yi sai a tashi mutane su tafi da ƙafarsu. Jaridun Amurka sun ba da labarin cewa an tura wata ƙungiya zuwa rumbun kamfanin da ke Santa Clara a Jihar Kalifoniya, kuma wasu ma'aikata sun kasa shiga ofisoshinsu domin katin buɗe ƙofa ya daina aiki. Jami'in nan da kansa ya yarda cewa an gina waɗannan wurare ne yadda shigarsu za ta yi wuya, an kuma ƙera injunan yadda ko wanda ya tsaya a gabansu ba zai sauya musu kome da sauƙi ba. Watau katangar da aka gina saboda ɓarawo ita ce ta tsare mai gida a waje.

Wannan hanya ta biyu da ta ƙi aiki, da kuma na'urorin da ake girkawa dominta, su ne abin da filin nan zai duba yau.

Da farko ya kamata a san irin kwamfutar da ake magana a kanta. Duk saƙon da mutum ya aika, da kuɗin da ya tura daga banki zuwa banki, da sakamakon jarrabawar da ɗalibi ya duba, suna bi ne ta wasu manyan kwamfutoci da ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Saba ba ta da allon kallo, ba ta da madannan rubutu, ba kowa zaune gabanta. Jera su ake yi bisa juna cikin dogayen kabad na ƙarfe, a ɗakuna masu sanyi ƙwarai, ɗaruruwa ko dubbai a gini guda. Irin wannan gini shi ne rumbun bayanai, kuma akwai su a Ikko, a Ikeja da Lekki. Mutanen da ke cikin ginin ba su da yawa. Injiniyan da ke da alhakin wata saba yana iya kasancewa a Abuja ko Kano ko Landan, ya shekara bai gan ta da idonsa ba. Yana shiga cikinta ne ta intanet, ta hanyar da kowa ke bi, ya yi magana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, Windows ce ko Linux. Wannan yana wadatarwa muddin sabar tana da lafiya. Ranar da babbar manhajar ta sandare kuwa, neman gyara ta ta wannan hanya daidai yake da a buga wa wanda ya suma waya a tambaye shi yaya jiki.

Dabarar da masu ƙera injunan suka yi ita ce dasa wata 'yar ƙaramar kwamfuta a cikin babbar. Ƙwaya ce ta lantarki wadda ba ta kai kwalin ashana ba, an manna ta a jikin babban faifan da ke ɗauke da kayan cikin sabar. Masu sana'ar suna kiranta da haruffa uku, BMC, amma in za a raɗa mata suna da Hausa babu wanda ya dace da ita kamar maigadi. Tana da ƙwaƙwalwarta, da manhajarta, da kalmar sirrinta, da adireshinta, yawanci kuma da nata ramin da ake soka wayar sadarwa. Ba ta jiran a kunna sabar. Da zarar an soka wayar wuta a bango, maigadi ya farka, ko da gidan duka yana barci, kuma ba zai sake runtsawa ba sai an zare wayar.

Aikinsa na kullum shi ne zagaya gida. Yana auna zafin injin, yana lura da gudun fankoki, yana duba ƙarfin wutar da ke shigowa, yana rubuta duk abin da ya faru da lokacin da ya faru. In fanka ta tsaya ko zafi ya wuce kima, zai aika wa injiniya saƙo tun kafin wani abu ya ƙone. Amma babban amfaninsa sai ranar tsautsayi. A wannan rana injiniyan da ke nesa zai kira maigadi kai tsaye, ba tare da ya bi ta kan babbar manhajar ba. Maigadi zai nuna masa abin da zai gani da a ce yana tsaye gaban injin da allon kallo, ya karɓi duk abin da ya rubuta ya shigar kamar da hannunsa ya danna. Yana iya kashe sabar ya sake kunna ta. Yana iya shiga saitin can ƙasa wanda ake gani tun kafin babbar manhaja ta tashi. Har ma yana iya sa sabar ta ɗauka an soka mata faifai, alhali faifan yana kan teburin injiniyan a wata nahiya, a goge kome a zuba sabuwar manhaja daga farko. In ban da ɗaure noti da sauya kayan da ya ƙone, da wuya a sami abin da mai tsaye a ɗakin zai yi wanda na nesa ba zai yi ba.

Tunanin ya girmi wannan ƙwaya. Tun zamanin da intanet ke jariri, injiniyoyi kan haɗa manyan na'urori da layin tarho na musamman, in hanya ta katse sai su buga lambar su shiga ta nan. Abin da ya sauya shi ne a shekarar 1998 kamfanin Intel, tare da Hewlett-Packard da NEC da Dell, suka fitar da ƙa'ida guda da suka kira IPMI, domin a sami harshe ɗaya na magana da maigadi ko wane ne ya ƙera sabar. An sabunta ƙa'idar a 2001, aka sake a 2004, sa'an nan a 2015 aka fito da wata sabuwa mai suna Redfish da nufin ta gaje ta. Kowane kamfani yana da sunan da ya ba nasa maigadin: na Dell iDRAC, na HP kuma iLO. Ita kuwa ƙwayar, kaso mafi tsoka na wadda ake amfani da ita a duniya wani kamfani ne na Taiwan mai suna ASPEED ke tsara ta, sunan da ko cikin masu sayen kwamfuta ba kowa ya taɓa jinsa ba. Wani abin lura kuma, injiniyoyin Facebook ɗin nan ne a 2014 suka fara rubuta wata manhajar maigadi da kowa ke iya dubawa ya gyara, mai suna OpenBMC, wadda daga bisani IBM da Google da Microsoft da Intel suka shigo cikinta. Ke nan ba rashin sanin sana'a ne ya kayar da su a 2021 ba.

Abin da ya kayar da su shi ne maigadi, kome ƙwazonsa, ba shi da amfani in babu hanyar da za a kira shi. Dole ne a shimfiɗa masa tasa hanyar dabam: wayoyinsa dabam, na'urorin raba saƙonsa dabam, in da hali ma ta hannun wani kamfanin sadarwa dabam. Shi ya sa a rumbuna da yawa ake ajiye wani akwati mai ɗauke da layin wayar salula, a haɗa shi da manyan na'urorin da ke nuna wa saƙo hanya, domin ko an katse kowace waya a iya shiga ta iska. Wannan ita ce hanyar ko-ta-kwana. Sharaɗinta guda ne tak, kada abin da zai kashe babbar hanya ya iya kashe ta. Sharaɗin yana da sauƙin faɗa, cika shi ne da wuya, domin kuwa kowace shekara sai an sami wani mai lissafi ya tambaya me ya sa ake biyan kuɗin hanya biyu alhali ɗaya ba a taɓa bin ta ba. Sannu a hankali sai a haɗa wannan da wancan saboda tsimi, har a wayi gari mutum ya yanka mabuɗi na biyu ya kulle shi cikin ɗakin da mabuɗin ke buɗewa.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Kanada. Ran Jumma'a, 8 ga watan Yuli, 2022, hanyoyin sadarwar kamfanin Rogers, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waya na ƙasar, suka rushe da asuba. Mutum fiye da miliyan 12 suka rasa waya da intanet. Na'urorin biyan kuɗi da kati suka tsaya a kantuna, kuma mafi muni, mutane da yawa suka kasa kiran lambar neman agaji ta 911. Musabbabin abin shi ne ana cikin wani aikin sabuntawa aka cire wani shinge daga saitin na'urorin, bayanai suka kwararo suka fi ƙarfinsu. Hukumar kula da sadarwa ta ƙasar ta sa wani kamfanin bincike mai suna Xona Partners ya bi diddigin abin, aka bayyana sakamakon a 2024. Rahoton ya nuna cewa hanyar da injiniyoyin Rogers ke bi su kula da na'urorinsu ta dogara ne a kan ainihin hanyar da ta rushe. Saboda haka ba su iya ganin ko rubutun da na'urorin suka ajiye game da abin da ya same su ba, aka yi kamar awa 14 kafin a tabbatar da tushen matsalar, aka kuma tura mutane wurare dabam dabam su taɓa na'urorin da hannu. Wani abin takaicin kuma, ma'aikatan ba su iya kiran junansu ba, domin duk layin kamfaninsu suke riƙe da shi. Sai da aka nemo layukan abokan gasa aka aika musu. A taron shugabanni, a ce ma'aikaci ya riƙe layin wani kamfani abin kunya ne. A wannan rana kuwa ba abin da aka fi nema kamarsa.

Misali na uku ya nuna ɗaya gefen, watau ranar da hanya take lafiya amma injunan ne suka suma. Ran Jumma'a, 19 ga watan Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka, wanda sana'arsa ita ce kare kwamfutoci daga masu kutse, ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan gyara mai aibi. Cikin minti 78 ya janye shi, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 masu aiki da Windows ne suka faɗi, da yawansu kuma in an kunna su sai su sake faɗuwa kafin su kai ga intanet. Maganin ba shi da wuya, a tashi injin ta wata hanya ta musamman a goge fayil guda. Amma wa zai goge? Duk kayan gyara daga nesa da ke zaune cikin Windows sun suma tare da shi. Inda akwai maigadi kuma an shirya shi, injiniya yana zaune ya bi injunan ɗaya bayan ɗaya. Inda babu, sai a tafi da ƙafa, asibiti asibiti, filin jirgi filin jirgi. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashin jirage kimanin 7,000 cikin kwana biyar, shugabansa Ed Bastian ya ce sun yi asarar dala miliyan 500, kuma sai da aka bi sabobi 40,000 aka tashe su da hannu.

To amma fa kada mai karatu ya ɗauka labarin maigadi duka yabo ne. Wanda ke riƙe da mabuɗin kowane ɗaki, wanda ke farke sa'ad da kowa ke barci, in ɓarawo ya saye shi gida ya ƙare, domin da ɗan gari a kan ci gari. Duk ikon nan da aka zayyana a sama, na kashewa da kunnawa da gogewa, yana komawa hannun duk wanda ya sami kalmar sirrin. Bugu da ƙari, manhajojin kama ƙwayar cuta da ake zubawa cikin saba ba sa ganin abin da ke faruwa cikin maigadi, gama shi yana ƙarƙashinsu ne, yana ganinsu ba sa ganinsa.

Sakacin da aka yi a wannan fanni ya isa abin mamaki. Shekara da shekaru sabobin Dell suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri guda, calvin, wadda kowane ɗan koyo ya haddace. Na kamfanin Supermicro kuwa, sunan shiga ADMIN, kalmar sirri ma ADMIN, kuma bai daina ba sai gab da ƙarshen 2019, sa'ad da wata doka ta Jihar Kalifoniya da za ta fara aiki ran 1 ga watan Janairu, 2020, ta hana sayar da na'urori masu kalmar sirri iri ɗaya. A 2013 wani masanin tsaron kwamfuta Ba'amurke, Dan Farmer, ya tona cewa a cikin ƙa'idar IPMI kanta akwai wani saiti da in an bar shi a kunne, maigadi zai karɓi kowace kalma aka ba shi a matsayin kalmar sirri. Akwai kuma wani aibin da ke sa maigadi ya miƙa wa duk wanda ya tambaya kalmar sirrin a dunƙule, ya tafi gida ya warware ta a tsanake. A shekarar da ta biyo baya Farmer ya zagaya intanet ya ƙirga masu gadi kimanin 230,000 da aka bari a buɗe ga kowa, ya ce kusan kashi 90 cikin 100 ana iya cin galabarsu da 'yan dabaru kaɗan. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A 2017 kuma wasu masu bincike 'yan Faransa suka gano cewa ana iya wuce maigadin HP samfurin iLO 4 ba tare da kalmar sirri ba, ta hanyar aika masa harafin A sau 29 a jere. Kamfanin ya fitar da gyara a shekarar, amma fitar da gyara dabam, masu injuna su zuba shi dabam.

Ba zancen ɗakin gwaji kaɗai ba ne. A watan Disamba na 2021 wani kamfanin tsaro na Iran mai suna Amnpardaz ya bayyana wata muguwar manhaja da ya samu ta tare cikin maigadin wasu sabobin HP, aka raɗa mata suna iLOBleed. Aikinta shi ne goge duk abin da ke cikin sabar. Masu injin su sake zuba kome daga farko, su ce an rabu da Bukar, bayan ɗan lokaci ta sake gogewa, domin ba a cikin ɗakunan take ba, tana ɗakin maigadi. In an yi ƙoƙarin sabunta manhajar maigadin ma, sai ta nuna kamar an yi nasara, har da sabuwar lamba, alhali ba abin da ya sauya. Ganin irin wannan ne ya sa a watan Yuni na 2023 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umurci ma'aikatun gwamnatin tarayyarsu cewa duk wata kafar kula da na'ura da aka samu a buɗe ga intanet a janye ta ko a killace ta cikin kwana 14. A watan Yuni na 2025 kuma hukumar ta sa wani aibi na manhajar maigadi mai suna MegaRAC, wadda kamfanoni da yawa ke dasawa cikin sabobinsu, a jerin waɗanda ta tabbatar masu kutse suna amfani da su.

Ga wuyar sana'ar ke nan. In an tsananta tsaro a kan hanyar ko-ta-kwana, aka ɗaure ta da sauran matakan tantance ma'aikata na kamfani, ranar da kamfanin ya faɗi za ta faɗi tare da shi. In kuma an sake ta domin a shiga da sauƙi, ɓarawo zai riga mai gida. Ba wata na'ura da za a saya ta warware wannan. Sai dai a zauna a bi hanyar taki taki, daga kujerar injiniya har zuwa ramin wayar maigadi, a kowane taki a tambaya a kan me wannan ya dogara, kuma wa ke iya bi ta nan in ba mai izini ba.

Wannan tambaya ta shafi ƙasar nan ƙwarai, yanzu da albashi da kuɗin makaranta da cinikin kasuwa duk suka koma kan waya. Ran Alhamis, 14 ga watan Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, watau WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa a rana ɗaya. Intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da Laberiya da wasu ƙasashen yankin, abokan hulɗar bankuna suka sha wuya, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Duk wanda ya sayi hanya ta biyu daga wani kamfani dabam ya kwanta da murna, a ranar ya gane cewa kamfani biyu suna iya bi ta ƙasan teku guda. A kan tudu ma haka abin yake, sau da yawa wayoyin kamfanoni dabam dabam a rami ɗaya suke kwance gefen titi, katafila guda ta mai aikin hanya ta ishe su. Sa'an nan ga maganar wuta, domin maigadi ba ya rayuwa sai da lantarki, in janareta da batura suka ƙi, shi da gidan tare za su yi shiru.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a cika kawo su gaban shugabanni ba. A sabobin Dell da na HP da yawa, ganin allon injin daga nesa sai an biya kuɗin lasin dabam, kuma shi ne layin farko da mai sayen kaya kan soke in ana neman ragi. Ƙananan ma'aikatu da makarantu da ke sayen sabobi na hannu sukan karɓe su da tsohuwar manhajar maigadi wadda ba a taɓa sabuntawa ba, wani lokaci har da sunayen shiga na mai ita na farko. Wasu ma ba su san akwai maigadi a ciki ba, ga shi kuwa a wasu injunan in ba a soka masa tasa wayar ba yana iya raɓawa ya yi amfani da ramin babbar hanya, ya bayyana a inda ba a zata ba. Shi kuwa layin salula da aka sa cikin akwatin ko-ta-kwana, in aka yi wata da watanni ba a yi amfani da shi ba, kamfanin waya yana iya rufe shi, kuma ba wanda zai sani sai daren da aka neme shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugaban da ke son sanin gaskiyar shirin ma'aikatarsa ba ya bukatar ilmin injiniya, ya isa ya tambayi ranar da aka yi gwajin ƙarshe, watau ranar da aka rufe babbar hanya da gangan aka ce wa injiniya ya shiga ta ɗayar daga gidansa, ya kuma nemi a nuna masa a rubuce minti nawa abin ya ɗauka.

A Kanada dai, wata biyu bayan rushewar, ministan masana'antu François-Philippe Champagne ya sa manyan kamfanonin wayar ƙasar suka sa hannu a kan yarjejeniyar taimakon juna, yadda in hanyar ɗaya ta faɗi abokan cinikinsa za su iya kiran neman agaji ta hanyar ɗan'uwansa. Shi kuma Rogers ya gina wa injiniyoyinsa hanyar kula da na'urori wadda ba ta haɗa kome da babbar hanya ba, ya sayi layukan ko-ta-kwana daga wasu kamfanoni zuwa muhimman cibiyoyinsa, ya kuma raba wa ma'aikatan da ake tasa in abu ya ɓaci layukan waya na abokan gasarsa.